Daga Kyanwa Zuwa Kifi: Yadda Jami'o'i Ke Neman Maganin Farfaɗiya

A shekarar 2000 wasu likitoci biyu na birnin Glasgow a Sukotland, Patrick Kwan da Martin Brodie, suka bayyana abin da suka gani bayan sun daɗe suna bibiyar masu farfaɗiya 470 waɗanda ba su taɓa shan magani ba kafin su zo asibiti. Kashi 47 cikin ɗari ciwon ya daina tashi musu da maganin farko. Wasu kashi 13 sai da aka sauya musu na biyu. Daga nan kuwa, ɗaiɗaiku ne suka dace da na uku ko da haɗin magunguna biyu. Idan aka tattara, mutum biyu cikin uku sun samu sauƙi, na ukun kuma ciwon bai sake shi ba.

A 2018 asibitin ya sake lissafi, wannan karon da majinyata 1,795 da aka duba cikin shekara 30. A tsawon wannan lokaci sababbin magunguna fiye da goma sun shigo kasuwa, kuma da yawansu sun fi na da sauƙin sha. Amma adadin waɗanda ciwon ya daina tashi musu yana nan inda yake, kusan kashi 64 cikin ɗari.

Me ya sa magunguna ke ƙaruwa amma masu samun sauƙi ba sa ƙaruwa? Mai neman amsa sai ya koma baya, zuwa ɗakunan bincike na jami'o'i, inda ake gwada magani tun kafin ya samu suna. Ɗakin bincike ba ya gano komai sai abin da gwajinsa ke iya nunawa. An shafe shekaru kusan tamanin ana yi wa dabbobi tambaya ɗaya, wato me zai hana jijjiga ta tashi yanzu. Tambayar da aka makara wajen yi ita ce: ta yaya lafiyayyar ƙwaƙwalwa ke zama mai farfaɗiya tun farko?

Abin da ke faruwa a cikin kai

Ƙwaƙwalwar ɗan Adam na ɗauke da ƙwayoyin jijiya kusan biliyan 86, kuma kowacce da lantarki take aika saƙo. A jikin fatar da ta lulluɓe kowace ƙwaya akwai ƙananan ƙofofi. Idan saƙo ya zo, ƙofofin sodiyam kan buɗe, sodiyam ya kwarara ciki, ƙarfin lantarkin ƙwayar ya yi sama. Nan take sai su rufe, ƙofofin fotasiyam su buɗe, fotasiyam ya fita, ƙwayar ta koma yadda take. Duk wannan bai wuce kashi ɗaya ko biyu cikin dubu na daƙiƙa ba. Alan Hodgkin da Andrew Huxley na Jami'ar Cambridge ne suka warware wannan a 1952, da jijiyar wata dabbar teku mai suna sukwid, wadda kaurinta ya isa a zura mata siririyar waya. Aikin ya kai su ga lambar Nobel a 1963.

Ƙwayoyin ba a manne suke da juna ba. Tsakanin wannan da waccan akwai ɗan gibi, kuma sinadari ne ke ƙetare shi. Manyan sinadaran biyu ne. Gulutamet yana zuga ƙwayar da ke gaba ta tashi, GABA kuma yana tsawata mata ta dakata. A ɓawon ƙwaƙwalwa masu tsawatarwar ba su wuce ɗaya cikin biyar ba, amma su ne ke riƙe da tsari.

Lafiyayyar ƙwaƙwalwa kamar kasuwa take ranar cinta: hayaniya ko'ina, amma kowa da cinikin da yake yi, shi ya sa ake ƙaruwa. Farfaɗiya ita ce lokacin da wani ya yi ihun ɓarawo a wani lungu, na kusa su ɗauka, na gaba su amsa, har kasuwar gaba ɗaya ta bar ciniki tana faɗin kalma ɗaya a lokaci ɗaya. Idan masu tsawatarwa suka tare abin a lungun da ya fara, layi ɗaya kawai zai rikice. Idan ya fi ƙarfinsu, sai ya game gari.

Tun 1873 likitan Landan John Hughlings Jackson ya bayyana cewa tashin ciwon tartsatsi ne na farat ɗaya da ya wuce kima a wani yanki na ƙwaƙwalwa. Wurin da ya fara shi ke nuna abin da za a gani. Idan a yankin da ke motsa hannu ne, yatsa zai fara karkarwa, karkarwar ta hau zuwa kafaɗa. Idan a gefen kai ne, daidai saitin kunne, mutum na iya jin wani ƙauri da babu shi, ko tsoro ya kama shi, ya tsaya yana taune-taune bai san inda yake ba. Faɗuwa da sandarewa da kumfar baki, waɗanda aka fi sani, nau'i ɗaya ne kawai cikin nau'o'i da dama.

Jackson ya yi hasashe ne daga kallon majinyata. Hujja ta zo daga Jami'ar Jena a Jamus, inda Hans Berger ya fara ɗaukar lantarkin ƙwaƙwalwar mutum a 1924, ya wallafa a 1929. Wannan ce na'urar EEG. A 1935 Frederic Gibbs da Hallowell Davis da William Lennox na Harvard suka nuna cewa yaran nan da kan yi tsuru na 'yan daƙiƙu, su dawo kamar ba a yi komai ba, ƙwaƙwalwarsu na bugawa a tare sau uku a kowace daƙiƙa. Ya kamata a lura cewa jijjiga sau ɗaya ba ta zama farfaɗiya ba, haka ma wadda zafin zazzaɓi ke jawo wa ƙananan yara. Likitoci kan kira shi farfaɗiya ne idan ya tashi sau biyu ba tare da wani dalili na nan take ba, da tazarar fiye da awa 24, ko kuma idan bincike ya nuna alamar zai sake tashi.

Kyanwar Boston

Magungunan farko da sa'a aka same su. Buromaid ya shigo a 1857. A 1912 wani matashin likita a Freiburg ta Jamus, Alfred Hauptmann, ya ba masu farfaɗiya fenobabiton don su yi barci, sai ya lura ciwon nasu ya ragu. Saboda duka biyun na sa barci, likitoci suka ɗauka cewa maganin farfaɗiya dole ne ya kashe jiki.

Tracy Putnam da Houston Merritt, likitocin Harvard a asibitin birnin Boston, su ne suka rushe wannan zato. Dabararsu mai sauƙi ce. Su sa wa kyanwa lantarki a kai, suna ƙara ƙarfinsa har sai ta yi jijjiga, su rubuta adadin. Sai su ba ta sinadarin da ake son gwadawa, su sake aunawa. Idan yanzu sai an ƙara lantarki sosai kafin ta yi jijjiga, to sinadarin na da amfani. Cikin waɗanda suka gwada akwai fenitoyin, wanda aka haɗa tun 1908 aka ajiye don ba ya sa barci. Ya kare kyanwar ba tare da ya bugar da ita ba, kuma a 1938 suka nuna yana aiki a jikin mutane.

Wannan shi ne karon farko da aka nemo maganin farfaɗiya da gangan, kuma hanyar ta zama gado. Aka maye gurbin kyanwa da ɓera, aka ƙara gwaji na biyu inda ake yi wa ɓeran allurar wani sinadari mai tayar da jijjiga. Ko da hanyar ta kafu, sa'a ba ta daina shigowa ba. A farkon shekarun 1960, a wani ɗakin bincike a Grenoble ta Faransa, Pierre Eymard yana narkar da sinadaransa cikin wani ruwa kafin a ba dabbobi. Duk abin da aka narkar a ciki sai ya yi aiki. Ashe ruwan narkarwar ne maganin, kuma shi ne balfurowet da ake sha a yau. Daga 1975 gwamnatin Amurka ta ɗauki nauyin wani shiri a Jami'ar Utah, inda kamfanoni da jami'o'i ke aika sinadaransu a gwada. An tace fiye da 30,000 a can, kuma da dama cikin magungunan zamani ta nan suka bi.

Daga baya ne aka fahimci yadda suke aiki. Fenitoyin da kabamazafin da lamotirijin suna riƙe ƙofar sodiyam a rufe na ɗan ƙarin lokaci bayan ta buɗe. Ƙwayar da ke aikinta a hankali ba ta cika jin wannan ba, amma wadda ke bugawa ba ƙaƙƙautawa sai ta rasa ƙofofin da za ta ci gaba da su. Fenobabiton da diyazefam kuwa ƙarfin GABA suke ƙarawa, shi ya sa suke kawo barci.

Sai dai gwajin na da rauni babba: ɓeran da ake sa wa lantarki lafiyarsa ƙalau, ba shi da farfaɗiya. Gwajin da ya tace fenitoyin zai ci gaba da tace 'yan'uwan fenitoyin, kuma mutumin da fenitoyin bai yi wa aiki ba da wuya 'yan'uwan su yi masa. Labarin lebetirasitam ya tona wannan. Ya faɗi gwaje-gwajen biyu duka, kuma da su kaɗai aka dogara da an watsar da shi. Amma ya kare wani jinsin ɓeraye da ƙara mai ƙarfi ke tayar musu da jijjiga, sannan a 1993 Wolfgang Löscher na jami'ar likitancin dabbobi ta Hannover ya nuna yana aiki a jikin ɓerayen da ƙwaƙwalwarsu ta riga ta sauya. Amurka ta amince da shi a 1999, kuma sai a 2004 aka gano inda yake kamawa: wani furotin mai suna SV2A, a jikin 'yan jakunkunan da ƙwayar jijiya ke tara sinadarin saƙo. A yau yana cikin magungunan farfaɗiya da aka fi sha a duniya.

Lokacin shiru

Ta yaya ake samun ɓera mai ƙwaƙwalwar da ta sauya? Wani masanin halayyar ɗan Adam a Kanada, Graham Goddard, yana nazarin yadda ɓeraye ke koyo, yana ba su ɗan lantarki kaɗan a can cikin ƙwaƙwalwa. Lantarkin bai kai ya yi komai ba a rana ta farko. Amma da aka ci gaba da ba su sau ɗaya a rana, sai ɓeran ya fara tauna baki, daga baya ya riƙa kaɗa kai, bayan kamar mako biyu kuma wannan ɗan lantarkin da bai ƙaru ba ya jefa shi cikin cikakkiyar jijjiga. Ko an bar shi watanni aka dawo, haka za a same shi. Goddard ya wallafa wannan a 1967. Abin da ya nuna shi ne ƙwaƙwalwa na iya koyon farfaɗiya, kuma ba ta mantawa.

Wasu masu bincike suka bi wata hanyar. A yi wa ɓera allurar da za ta sa shi doguwar jijjiga, sannan a tsayar da ita. Ɓeran zai farfaɗo, ya ci abinci, ya yi kwanaki ko makonni kamar lafiyayye. Daga nan sai ciwon ya fara tashi masa da kansa, har ƙarshen rayuwarsa. Haka yake faruwa ga mutane: wanda ya fashe kai a hatsarin babur, ko ya yi sanƙarau, ko shanyewar ɓarin jiki, zai iya yin watanni ko shekaru kafin farfaɗiya ta bayyana.

Wannan tazarar ita ake kira lokacin shiru, kuma madubin bincike ya nuna aiki ake yi a cikinta ba kaɗan ba. A wani sashe da ake kira hifokamfus, wanda ke da hannu wajen ajiye sababbin abubuwan da mutum ya koya, ƙwayoyi na mutuwa, ciki har da masu tsawatarwa. Waɗanda suka rage kan fitar da sababbin rassa, wasu rassan su juyo su zuga maƙwabtansu, a samu zagayen da ke ciyar da kansa. Kumburi na shiga. Shingen da ke raba jini da ƙwaƙwalwa na yoyo, kuma binciken Alon Friedman na Jami'ar Ben-Gurion da Daniela Kaufer ta Berkeley ya nuna cewa furotin albumin da ke tsallakowa daga jini yana lalata aikin ƙwayoyin da ke kwashe rarar fotasiyam da gulutamet.

Za a yi tsammanin ba da maganin farfaɗiya da wuri zai toshe hanyar. An gwada. A 1990 Nancy Temkin da abokan aikinta na Jami'ar Washington da ke Seattle suka ba wasu masu mummunan rauni a kai fenitoyin, wasu kuma ƙwayar da babu magani a ciki. Fenitoyin ya rage jijjiga a makon farko, amma bayan nan babu bambanci. Hana jijjiga daban, hana farfaɗiya daban. Har yanzu babu wani magani da aka amince da shi wanda za a ba mutum bayan rauni a kai ya hana shi kamuwa.

Ƙofar da ta lalace tun daga haihuwa

Wata tagar ta buɗe daga iyalan da ciwon ke bin dangi. Samuel Berkovic da Ingrid Scheffer na Jami'ar Melbourne a Ostareliya sun bi wani babban iyali da mutanensa ke yin farfaɗiya cikin barci, kuma a 1995, tare da Ortrud Steinlein ta Bonn, suka gano ƙwayar gadon da ke da alhaki. Daga lokacin an gano ɗaruruwa, kuma da yawansu na ƙofofin nan ne na jikin ƙwayar jijiya. Abin da ya ba da damar auna su shi ne dabarar da Erwin Neher da Bert Sakmann suka fito da ita a Göttingen a 1976: a manna bakin siririn bututun gilashi a jikin ƙwaya guda, a saurari buɗewa da rufewar ƙofa guda.

Misalin da ya fi koyar da darasi shi ne ciwon da likitar yara Charlotte Dravet ta bayyana a Marseille a 1978. Yakan fara ne kafin jariri ya cika shekara, galibi da zazzaɓi, ya ƙi jin magani, ya taɓa girma da koyo. A 2001 masu bincike a Antwerp ta Beljiyam suka gano cewa yawancin yaran na da lahani a ƙwayar gado mai suna SCN1A, wadda ke gina wata ƙofar sodiyam. Abin ya ɗaure kai. Idan ƙofar sodiyam ta ragu, ai kamata ya yi ƙwaƙwalwa ta yi sanyi, yaya aka yi ta ƙara tashi? Ɗakin binciken William Catterall a Seattle ya samar da ɓeraye masu irin wannan lahani, kuma a 2006 ya nuna cewa ƙwayoyi masu tsawatarwa ne suka fi dogara da wannan ƙofa. Su ne suka raunana, masu zuga kuma suka samu sake. Nan aka fahimci dalilin da ya sa kabamazafin da ire-irensa, masu ƙara danne ƙofar sodiyam, ke tsananta ciwon waɗannan yara maimakon rage shi.

Da zarar an san lahanin, ana iya gina gwajin da ya dace da shi. Scott Baraban na Jami'ar Kalifoniya da ke San Francisco ya koma ga wani ɗan kifi mai zane a jiki, wanda 'ya'yansa ba su wuce 'yan milimita ba. Ana zuba su ɗaya-ɗaya a faranti mai ramuka 96, kyamara na bin motsinsu. Kifin da ke da lahani irin na Dravet yakan yi ta zagaye da gudu, sannan ya kife. A 2013 Baraban ya gwada sinadarai 320 a kansu, ya ci karo da wani tsohon maganin ƙaiƙayi mai suna kilemizol, wanda ya kai ga gwaji a jikin mutane. Bambancin wannan kifi da kyanwar Boston shi ne shi yana da ciwon da gaske. A ɓangaren asibiti kuma, Amurka ta amince da wasu magunguna don wannan ciwo, ciki har da kanabidayol a 2018, wanda sinadari ne guda da aka tace daga tabar wiwi kuma ba ya bugarwa, da fenfuluramin a 2020.

Tiyata, haske da dashe

Idan an san lungun da ciwon ke farawa, ana iya cire shi. Victor Horsley ya yi wannan tiyata a Landan a 1886. Wilder Penfield, wanda ya kafa cibiyar nazarin ƙwaƙwalwa ta Montreal a Jami'ar McGill a 1934, yakan yi ta ne majinyaci na farke, domin ƙwaƙwalwa kanta ba ta jin zafi. Yana taɓa wurare da ɗan lantarki, majinyacin na faɗa masa abin da ya ji, har a gane inda za a yanka da inda ba a taɓawa. An kuma koyi darasi mai ɗaci: a 1953 aka cire wa Henry Molaison hifokamfus na ɓangarori biyu a Amurka, ciwon ya ragu, amma bai ƙara iya riƙe sabon abu a kansa ba har ya rasu a 2008. Shi ya sa ɓangare ɗaya kawai ake cirewa. A 2001 Samuel Wiebe na Jami'ar Western Ontario ya raba majinyata 80 da magani ya gagara gida biyu. Bayan shekara guda, kashi 58 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa tiyata sun rabu da jijjigar da ke gusar da hankali, a kan kashi 8 na waɗanda suka ci gaba da magani kaɗai.

Naman da aka cire ba a zubar da shi. Da izinin majinyaci, ana garzayawa da shi ɗakin bincike cikin ruwa mai sanyi da iskar oksijin, a yanka shi falle-falle da bai kai rabin milimita ba, ya rayu sa'o'i ana auna shi. Da irin wannan ne Richard Miles da abokan aikinsa a Paris suka gano a 2002 cewa a wasu ƙwayoyin masu ciwon, GABA da kansa zuga yake yi maimakon tsawatarwa. Dalilin shi ne kuloraid ya taru a cikinsu fiye da kima. Wannan na iya bayyana abin da ya sa maganin da ke ƙara ƙarfin GABA ke gazawa a wasu mutane.

Magani na baki yana wanke ƙwaƙwalwa duka, dare da rana, saboda ciwon da wataƙila minti biyu yake yi a wata. Daga nan ne jiri da kasala da mantuwa ke fitowa. Sababbin bincike na neman abin da zai yi aiki a wurin da ya dace, a lokacin da ya dace. A 2013 Esther Krook-Magnuson da Ivan Soltesz na Jami'ar Kalifoniya da ke Irvine suka sa wa ƙwayoyin jijiyar ɓera wani furotin mai jin haske, suka dasa siririn zaren gilashi a kansa. Kwamfuta na lura da lantarkin ƙwaƙwalwar, da ta ga ciwon ya fara sai ta kunna haske, masu tsawatarwa su tashi, jijjigar ta yanke. A wannan shekarar ɗakin Baraban ya dasa jariran ƙwayoyi masu tsawatarwa a hifokamfus na ɓeraye masu farfaɗiya, ciwon ya ragu ƙwarai, kuma a 2022 aka fara gwada irin wannan dashe a jikin mutane a Amurka. A Kwalejin Jami'a ta Landan kuwa, Gabriele Lignani da Dimitri Kullmann da abokan aikinsu sun nuna a 2022 wata ƙwayar gado da ake sakawa, wadda ba ta kunnuwa sai a ƙwayar da ta yi bugu fiye da kima, ta ƙara mata ƙofofin fotasiyam, ta mutu da kanta idan abin ya lafa. Yawancin waɗannan a jikin ɓera suka tsaya tukuna, kuma abubuwa da dama da suka warkar da ɓera sun gaza a jikin mutum.

Inda ciwon ya fi yawa

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu farfaɗiya a duniya kusan miliyan 50, kuma kusan kashi 80 cikin ɗari a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita suke. Ta ce har kashi 70 za su iya rayuwa ba tare da tashin ciwon ba idan suka samu magani yadda ya kamata, amma a ƙasashe matalauta uku cikin huɗu ba sa samu. A ƙasar Hausa akwai ƙarin shinge: ana jingina ciwon ga iska, ana gudun miyan mai shi, alhali ba a ɗaukar farfaɗiya ta miyau ko ta taɓawa. Saboda ƙarancin likitocin ƙwaƙwalwa ne Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da Jami'ar Vanderbilt ta Amurka suka gudanar da bincike a Kano da Zariya da Kaduna, inda aka horar da ma'aikatan lafiya na unguwa su gano farfaɗiyar yara su kuma ba da magani.

Amma rabonmu a wannan fage bai tsaya ga raba ƙwayoyi ba. A shekarun 1980 Farfesa Benjamin Osuntokun na Jami'ar Ibadan ya ƙirga masu ciwon a garuruwa biyu maƙwabta a jihar Oyo: kusan 5 cikin dubu a Igbo-Ora, wadda ta daɗe da cibiyar lafiya, da 37 cikin dubu a Aiyete. A Blantyre ta Malawi, Gretchen Birbeck ta bi yara 132 da suka tsira daga zazzaɓin cizon sauro da ya hau ƙwaƙwalwa, ta ruwaito a 2010 cewa 12 daga cikinsu sun kamu da farfaɗiya daga baya, alhali cikin yara 264 da aka kwatanta da su babu ko ɗaya. A kwarin Mbam na Kamaru an ga ciwon ya yi yawa a ƙauyukan bakin kogi da tsutsar makanta ta addaba. Idan aka haɗa da doguwar naƙuda da sanƙarau da hatsarin hanya, za a ga cewa da yawa daga farfaɗiyar da ke nan ta bayan rauni ce, mai lokacin shiru.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi ɗaya cikin huɗu na farfaɗiya ana iya kauce masa, kuma kayan aikin ba sa jiran wani ɗakin bincike: gidan sauro, haihuwa a hannun ƙwararriyar ungozoma, allurar sanƙarau, hular kwano. Ga wanda raunin ya riga ya same shi kuwa, ana buƙatar alamar da za ta nuna wane yaro ne cikin goman da suka farfaɗo daga zazzaɓin ƙwaƙwalwa zai kamu, don a san wanda za a gwada wa maganin riga-kafi. Ɓera ba zai ba da wannan amsar ba, kuma Boston ba ta da waɗannan yara. Suna kwance a ɗakunan yara na asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato da Yamai a kowace damina. Jami'ar da ta samu na'urar EEG da firjin ajiyar jini da ma'aikatan da za su bi su shekara biyu ko uku bayan an sallame su, tana da abin da manyan ɗakunan binciken duniya ke nema ba su da shi.